Ya'u Mai Shayi da Ciwon Sugan 'Ya'yansa

Ya'u mai shayi asalinsa ba mutumin Sandamu ba ne. A garin Babban Mutum aka haife shi, a gidan wani dillalin awaki da ya so ɗansa ya gaje shi. Ya'u ya yi ta bin uban kasuwa har gemu ya fito masa, amma bai taɓa iya yabon akuya ba. In mai saye ya tambayi lafiyarta, sai ya dube ta da kyau ya ce, "Tana ɗan tari da safe." Da uban ya gaji, sai ya tura shi wurin ƙaninsa mai teburin shayi a bakin tashar Sandamu, ya ce can ko gaskiya mutum ya faɗa ba za ta kashe ciniki ba.

Bayan rasuwar baffan nasa, tebur ya zama na Ya'u, da benci biyu, da babbar buta, da gwangwanayen madara a jere. Da damina yana noma gero da wake a wata 'yar gona bayan gari. Ya auri Barakatu, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, Allah ya ba su Raihana, sannan Nu'uman, sannan wata 'yar ƙarama.

A tasha an san shi da nauyin hannu wajen zuba suga. Direbobi kan ce shayin Ya'u in ya ɗiga a benci sai an kankare. An kuma san shi da tsoron allura. Ko tumaki ake yi wa rigakafi a unguwa, Ya'u kan tuna yana da aiki a gona.

Kullum kafin ya fita da asuba yakan cika filas ya bar wa yara. Raihana ke shan nata ta haɗa da na ƙaninta, don Nu'uman tun yana ƙarami ba ya shiri da shayi. Shi dai a ba shi kunun tsamiya, ba suga ba komai, ya sha yana yamutsa fuska, ya miƙo kofi a ƙara.

Shekarar da Raihana take aji biyar na firamare, da bazara, ƙishirwa ta kama ta. Ta fito daga ɗaki sai gindin randa, daga gindin randa sai makewayi, ta dawo randa. Tana cin tuwo kamar mai huɗa a gona, amma kullum ƙara ramewa take. Aka ce shawara ce, aka jiƙa mata saiwoyi. Aka ce taifot ne. Kakarta ta wajen uwa ta je Daura musamman ta ɗebo ruwan Kusugu a galan, ta ce a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan safe da yamma. Raihana ta kafa kai ta shanye galan ɗin a tsaye, ta tambaya ko da saura.

Malamar ajinsu, Malama Amatullah, ta fara zaton yarinyar gudun darasin lissafi take yi, don ba a rabin darasi ba ta ɗaga hannu ta nemi fita ba. Sai dai a farkon zangon wani ma'aikacin lafiya daga ƙaramin asibitin garin, Malam Zailani, ya zagaya makarantu ya gaya wa malamai cewa in suka ga yaro yana yawan shan ruwa, yana yawan fitsari, yana ramewa, su turo shi a gwada jininsa. Malamai da yawa sun saurare shi suna kallon agogo. Malama Amatullah ta riƙe maganar. Wata safiya ta biyo ta tasha, ta tsaya nesa da bencin maza, ta sa aka kira mata Ya'u.

Bayan sun gaisa ta ce, "Malam Ya'u, 'yarka ba ta da lafiya."

Ya ce, "Zafi ne, Malama."

"Duk ajin zafin nan suke sha. Ita kaɗai ce take riƙe wando da hannu kada ya faɗi. Ka kai ta wurin Malam Zailani."

Ya'u ya ce in Allah ya yarda zai kai ta jibi. Ba a kai jibin ba. Ranar da azahar yarinyar ta fara amai a aji, tana wani irin numfashi mai zurfi kamar wadda ta yi tsere. Malamar ta goya ta a babur har asibiti, aka aika wa iyayen. Zailani ya tsaga mata yatsa ya ɗiga jini a 'yar na'urar awon suga. Na'urar ta ƙi ba da lamba, don abin ya wuce iyakar da take iya ƙirgawa. Bai tsaya dogon bayani ba. Ya ɗaura mata ƙarin ruwa, ya buga waya Daura, ya tare mota ya shiga tare da su. Ya'u ne ya riƙe kanta a cinyarsa har suka isa.

A babban asibiti wata likita gajeruwa, Dakta Yelwa, ta tarbe su tana tafiya tana tambaya.

"Sunanta?"

Raihana 'yar fari ce, kuma tun ranar suna babu wanda ya taɓa jin sunan a bakin uwar ko uban. Ya'u ya dubi Barakatu. Barakatu ta dubi ƙasa. Likita ta ɗago ta dube su duka biyun. Zailani ne ya faɗa daga baya, yana riƙe da ledar ruwa a sama.

Sai washegari da hantsi yarinyar ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa. Barakatu ta yi kuka har ma'aikaciyar jinya ta fitar da ita waje. Ya'u bai yi ba. Ya jira har likita ta gama zagaye, ya bi ta baranda, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Likita, shayina ne?"

Ta ce, "Wane shayi?"

Ya gaya mata labarin filas, bai rage komai ba, har da yawan cokalin suga.

Dakta Yelwa ta ce, "Malam Ya'u, ciwon suga iri-iri ne. Wannan ba irin na manya ba ne. Jikin kowa yana da sojoji masu yaƙar cuta. Nata sun yi ɓatan kai, suka afka wa wani wuri a bayan tumbi da ke yin wani ruwa, insulin, wanda ke shigar da abinci cikin jiki. Sun lalata wurin. Ko ruwan rijiya kaɗai take sha tun haihuwa, ciwon zai zo. Yanzu mu za mu riƙa ba ta insulin ɗin ta allura, kullum."

"Har zuwa yaushe?"

"Har iya rayuwa. Kuma za ta yi rayuwar, in an kula."

Ya'u ya ce, "To." Ya mayar da hularsa. Bai yarda da ko kalma ɗaya game da shayin ba.

Kafin a sallame su likita ta zaunar da iyayen da Zailani. Ta ce, "Ni ina Daura, ciwon kuwa Sandamu zai koma. Ni kaɗai ba zan iya ba." Ta ce Zailani zai riƙa duba yarinyar yana gaya mata ta waya, ita kuma tana daidaita yawan maganin. Barakatu za ta koyi allura da awon jini. Malamar makaranta sai an koya mata abin da za ta yi in suga ya faɗi. Sannan ta tambaya wa ke da firji a Sandamu wanda ba ya mutuwa, don insulin ba ya son zafi.

Firji irin wannan ɗaya Ya'u ya sani, na Madam Nmachi mai kemis, 'yar ƙabilar Ibo da shagonta ke kallon teburinsa, firjin kuwa da hasken rana yake aiki. Mijinta Okey yana sayar da kayan gyaran babur a shagon da ke gefe, kuma ya fi shekara goma yana karyawa da shayin Ya'u. Ya'u ya shiga shagon yana ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar yara, ya tambayi kasuwa. Nmachi ta riga ta ji labari. Ta buɗe firjin, ta kwashe lemon kwalba daga hawa na biyu, ta ce, "Mai shayi, nan wurin Raihana ne. Wanda ya taɓa, ni da shi." Insulin ɗin da ake cikin amfani da shi kuma Barakatu ta riƙa ajiyewa a gida cikin 'yar tukunyar ƙasa da ta binne a jiƙaƙƙen yashi, kamar yadda Zailani ya nuna mata.

Barakatu ta koyi allura a zama ɗaya. Duk lokacin da ta ɗauko ta, Ya'u kan fita duba awaki, ko da yake a lokacin an riga an sayar da awakin gidan.

Abin da ya ga zai iya, shi ya yi. Ya hana suga shiga gidansa. Filas ya koma saman kwaba. A tebur ma hannunsa ya yi sanyi, rabin cokali yake zubawa yana kallon mai saye kamar zai ba shi haƙuri. Wani direba, Audi, ya kurɓa ya ajiye kofi ya ce, "Ya'u, shayi ne wannan ko ruwan alwala?"

Ya'u ya ce, "Lafiyarka nake duba maka."

"Na roƙe ka?"

Wasu suka koma wurin wani mai shayi a ƙarshen tasha. Ya'u bai kira su ba.

Ana nan, wata rana Raihana ta yi allurar safe ba ta ci abin kirki ba, ta je makaranta aka yi guje-guje. A cikin aji ta fara rawar jiki, gumi yana keto mata, ana magana ba ta ganewa. Malama Amatullah ta buɗe jakarta ta ciro suga mai ƙwaya da Zailani ya ce ta riƙa ajiyewa, ta sa mata a baki. Kafin a tashi tara yarinyar ta dawo daidai. Da yamma Zailani ya zo tebur ya ce wa Ya'u daga yau kada Raihana ta fita ba suga a aljihunta, kuma a ajiye a gida.

Ya'u ya ajiye ludayi. "Suga ya kwantar da ita, suga kuma ya tashe ta?"

"Haka ne. In allura ta fi abinci yawa, sugan jini faɗuwa yake yi."

Ya'u ya ce, "Wannan ciwo ba shi da alƙibla." Ya ƙulle suga a leda, ɗaya na gida, ɗaya na aljihun Raihana.

Bayan an yi girbi, Dakta Yelwa ta kawo wata magana. Ta ce wasu likitoci daga Kano za su zo su ɗebi jinin 'yan uwan yara masu irin wannan ciwo, don akwai alamar da ke bayyana a jini tun kafin ƙishirwa ta fara, wani lokaci da shekaru. In an gani da wuri, ba za a iya hana shi zuwa ba, amma za a tare shi a hanya, yaro ba zai kai ga suma ba.

Barakatu ta ce sam. A gida ta yi ta faɗa tana murza ƙuli. "Yara lafiyarsu ƙalau, a je a tono musu ciwo? In an ce akwai, wane barci zan ƙara yi? Malam, ka bar wa Allah abinsa."

Ya'u yana zaune a bakin ƙofa. Ya ce, "Ke kina gaban mota ran nan. Ni na riƙe kanta. Na ji numfashin nan tun daga tasha har Daura. Ba na so in sake jin sa."

Barakatu ta ci gaba da murza ƙuli. Ranar da aka sa, ita ta fara shiri.

An ɗebi jinin Nu'uman, yana kallon sirinji yana tambaya ko za a mayar masa in an gama. An ɗebi na ƙaramar, ta tsala ihu. An ɗebi na Barakatu. Sai ma'aikacin ya ce saura maigida, ai har iyaye ake dubawa. Wannan ba ta cikin abin da aka gaya wa Ya'u. Ya zauna, ya naɗe hannun riga da kansa, ya yi bisimilla. Abin da ya sani bayan nan shi ne yana kwance a benci ana yi masa fifita da kwali, Nu'uman yana tsaye a kansa yana gaya wa mutane cewa babansa ne.

Sakamako ya daɗe kafin ya dawo. Da ya zo, likita ta kira Ya'u da Barakatu su kaɗai. Ta ce su biyu da ƙaramar babu komai. Nu'uman kuwa alamar tana jininsa, kuma ba iri ɗaya ba. Sugansa daidai yake yanzu, amma ciwon yana tafe, ba wanda ya san ranar.

Barakatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya'u ya ce, "Likita, ba ya shan shayi."

"Na sani."

"Ko ɗanɗanawa ba ya yi. Tun yana goye."

"Na gaya maka tun bara, Malam Ya'u."

Ya fita ya zauna a gindin wata dalbejiya a harabar asibiti. Kusan shekara yana ɗauke da cewa da hannunsa ya zuba wa 'yarsa ciwo a kofi. Yau an sauke masa wannan, kuma ɗansa ne kuɗin saukewar. Ya rasa ko hamdala zai yi ko salati, sai ya yi duka biyun. Washegari Audi direba ya biyo ta tebur don ya rasa wuri a ƙarshen tasha. Ya kurɓa, ya dubi kofin, ya dubi Ya'u, ya ce, "Barka da dawowa."

Daga nan aka shiga jira. Zailani yana gwada yaron lokaci-lokaci yana tura wa likita. Malama Amatullah ta je da kanta ta yi wa malamin ajin su Nu'uman bayani. Nmachi, da yake ta gaban shagonta yara ke wucewa, ta sa ido ko zai fara yawan neman ruwan leda. Ya'u ya fi kowa sa ido. In yaron ya sha kofi biyu a jere, sai ya kama hannunsa sai asibiti. A zuwa na babu adadi Zailani ya gwada, ya dubi ƙafafun yaron da suka yi futu-futu, ya ce, "Malam Ya'u, ƙwallo ya buga."

"To a rubuta."

"Ba a rubuta ƙwallo."

Sai da damina biyu ta wuce sannan lambobin suka fara hawa a hankali, yaron bai ma fara ramewa ba. Dakta Yelwa ta ce a kawo shi. Nu'uman ya shiga asibitin Daura da ƙafarsa, aka fara masa insulin ɗan kaɗan, aka yi masa bayanin abinci, ya fito da ƙafarsa. Suka iso Sandamu kafin la'asar, uwar ta ce ya ɗauki allo ya wuce Islamiyya. Wannan ne kaɗai abin da ya ɓata masa rai a ranar, don ya ji Raihana a nata lokacin ta yi mako biyu ba makaranta.

A lokacin Raihana ta daɗe da iya yi wa kanta allura. Ta Nu'uman uwar ke yi. Sai Barakatu ta samu ciki mai laulayi, Zailani ya ce ya kamata a samu hannu na biyu a gidan. Ya zo tebur bayan ciniki ya lafa, ya ɗauki burodi guda, ya miƙa wa Ya'u allurar da babu komai a ciki. Ya'u ya yi kwanaki yana yi wa burodi allura a bayan buta. Burodin shi yake cinyewa, don ya ce ba zai sayar wa mutane abin da aka yi wa magani ba.

Ranar da aka kwantar da Barakatu haihuwa, da safe, Raihana ta ce ita za ta yi wa ƙaninta. Nu'uman ya ce Allah ya kiyaye, don jiya sun yi faɗa a kan biro kuma ya san halinta. Ya'u ya wanke hannu har sau biyu. Ya durƙusa, ya daidaita lambar maganin, Raihana ta duba ta ce daidai ne. Ya tattaro fatar cinyar yaron da yatsu biyu, ya yi bisimilla.

Nu'uman ya ce, "Baba, ka buɗe ido."

Ya buɗe. Ya soka, ya danna, ya jira kamar yadda aka koya masa, ya zare. Yaron ya saki wando ya ɗauki kofin kununsa. Ya'u ya zauna a ƙasa inda yake, ya jingina da bango, ya ce wa Raihana ta miƙo masa ruwa. Da rana aka aiko cewa Barakatu ta sauka lafiya, namiji.

Bana Raihana ta samu makarantar kwana ta 'yan mata a Daura. An sha muhawara a gidan, don Barakatu ta ce ba wanda zai san lokacin da fuskar yarinyar ta canja sai ita. Dakta Yelwa ta je makarantar da kanta ta zauna da matar da ke kula da ɗakunan kwana, aka samu wuri a firjin ɗakin shan magani. Malama Amatullah ta buga wa wata tsohuwar ƙawarta da ke koyarwa a can. Ranar tafiya Nmachi ta jera maganin cikin 'yar kula mai ƙanƙara, Okey ya ba Ya'u aron babur, aka ɗaure akwati a baya.

A bakin ƙofar makaranta Ya'u ya tsaya yana maimaita wa matar mai kula da ɗakunan abin da likita ta riga ta gaya mata, rawar jiki, gumi, suga a baki. Ya gama ya sake ɗaukowa daga farko. Raihana ta ja hannun rigarsa ta ce ƙasa-ƙasa, "Baba, ka tafi, ana kallonmu."

Ya tafi. Hadari ya taso daga gabas tun bai fita Daura ba, ya same shi a hanya, ya iso gida jagab. Barakatu tana zaure da jariri a kafaɗa.

Ta ce, "Ta yi kuka?"

"Ta ce in tafi."

Barakatu ta jinjina kai. Ta ce ya cire rigar kada mura ta kama shi. Ya sauya, ya tambayi Nu'uman ko ya gwada sugansa na rana, yaron ya ce ya gwada. Ya'u ya tura babur ɗin ya mayar wa Okey, ya tsallaka titi ya hura wutar shayin yamma.